Pauli Murray: Lauyar da ta shimfiɗa hujjojin da wasu suka ci shari'a da su

A shekarar 1971, wata malamar shari'a a Jami'ar Rutgers mai suna Ruth Bader Ginsburg ta kammala rubuta takardar hujjojin da za a gabatar wa Kotun Ƙolin Amurka a wata shari'ar gado daga Jihar Idaho. Wata mata ce mai suna Sally Reed ɗanta ya rasu, ta nemi a naɗa ta mai kula da ɗan abin da ya bari. Mijinta da suka rabu shi ma ya nema, aka ba shi, domin dokar jihar ta tanadi cewa idan namiji da mace suka zo daidai a cancanta, namijin za a fifita.

Da Ginsburg ta zo jera sunayen lauyoyi a bangon takardar, sai ta ƙara sunayen wasu mata biyu da ba da hannunsu aka rubuta ta ba: Dorothy Kenyon da Pauli Murray. Bashi ta biya, domin ginshiƙin hujjar da ta dogara da ita su ne suka daɗe suna kafa shi. Ranar 22 ga Nuwamba, 1971, kotun ta soke dokar ba tare da ko alƙali ɗaya ya saɓa ba. Wannan ne karon farko da ta rushe wata doka saboda ta nuna wa mata bambanci, bisa Gyara na 14 na kundin tsarin mulkin ƙasar, wanda ya wajabta wa jihohi bai wa kowa kariya iri ɗaya a gaban doka.

A lokacin Pauli Murray ta cika shekara 61. An hana ta shiga wata jami'a saboda launin fatarta, an hana ta shiga wata saboda ita mace ce, ta kwana a kurkuku saboda kujerar mota, ta koyar da dokar tsarin mulki a Accra, kuma da sauran wani sabon babi a gabanta.

Marainiya a gidan malamai

An haifi Anna Pauline Murray ranar 20 ga Nuwamba, 1910, a birnin Baltimore na Jihar Maryland, ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida. Mahaifiyarta Agnes ma'aikaciyar jinya ce, mahaifinta William malamin makaranta. A 1914 Agnes ta rasu sakamakon fashewar jijiyar jini a ƙwaƙwalwa. William, wanda zazzaɓin taifot ya bar shi da larura, an kai shi asibitin masu taɓin hankali na baƙaƙen fata da ke Crownsville, inda a 1923 wani ma'aikaci farar fata ya doke shi har ya mutu. Yarinyar tana da shekara 12.

Tun bayan rasuwar uwar, yayar mahaifiyarta Pauline Fitzgerald Dame ta ɗauke ta zuwa garin Durham na Jihar Carolina ta Arewa, gidan kakanninta Robert da Cornelia Fitzgerald. Robert ya yi yaƙi a rundunar Arewa lokacin Yaƙin Basasar Amurka, bayan yaƙin kuma ya gangaro Kudu don koyar da bayin da aka 'yanta. Cornelia kuwa a cikin bauta aka haife ta. Mahaifiyarta baiwa ce mai suna Harriet, mahaifinta kuma Sidney Smith, lauya farar fata daga gidan da ya mallaki Harriet, wanda ya afka mata da ƙarfi. 'Yar'uwar Sidney, Mary Ruffin Smith, ita ta riƙe Cornelia, kuma da ta mutu ta bar wa Jami'ar Carolina ta Arewa dukiya mai yawa.

Innar tata malamar firamare ce, takan tafi da ita aji, har ta iya karatu tun kafin ta isa shiga makaranta. Ta gama sakandaren Hillside a 1926, ta ƙi shiga kwalejin da aka keɓe wa baƙaƙen fata, ta nufi New York. Jami'ar Columbia da take buri ba ta ɗaukar mata a kwalejinta, kuɗin Barnard kuma ya fi ƙarfinta. Sai da ta ƙara shekara guda a wata sakandare kafin Kwalejin Hunter ta karɓe ta. Ta yi karatu tana aikin gidajen abinci, cikin yunwa da rashin lafiya, ta kammala digiri a fannin Ingilishi a 1933, ana tsakiyar karayar tattalin arzikin da ta durƙusar da Amurka. A waɗannan shekaru ne ta taƙaita sunanta zuwa Pauli.

Ƙofar farko da aka rufe

A 1938 ta nemi gurbin karatun digiri na biyu a Jami'ar Carolina ta Arewa, wadda dangin kakarta suka azurta. A watan Disamba amsa ta zo cewa ba a ɗaukar mutanen launinta. Kwanaki kaɗan kafin nan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Lloyd Gaines cewa wajibi ne jiha ta samar wa baƙaƙen fata ilmin shari'a a cikin iyakarta, matuƙar ta samar wa fararen fata. Murray ta kai kukanta ga NAACP, babbar ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, amma lauyoyinta, ciki har da Thurgood Marshall, suka ƙi ɗaukar shari'ar, suna ganin zamanta a New York zai raunana ta. Jami'ar ba ta karɓi ɗalibi baƙar fata ba sai 1951.

A wannan lokaci ta rubuta wa Shugaba Franklin Roosevelt wasiƙar ƙorafi mai zafi, ta aika wa matarsa Eleanor kwafi. Shugaban bai amsa ba, uwargidan ce ta amsa. Daga nan aka ƙulla abota ta wasiƙu da ziyara, mai cike da gardama da girmama juna, wadda ta ɗore har rasuwar Eleanor a 1962.

A watan Maris na 1940, tana kan hanyar Durham tare da ƙawarta Adelene McBean, aka kama su a garin Petersburg na Jihar Virginia saboda sun ƙi komawa karyayyun kujerun bayan motar safa. Sun so a gurfanar da su da laifin karya dokar wariya, don su ƙalubalanci dokar kanta. Hukuma ta gane manufarsu, sai ta tsaya a kan tuhumar tayar da hankali, aka ci su tara. Wannan ya faru shekara 15 kafin a kama Rosa Parks a Montgomery.

A shekarar dai ta shiga fafutukar ceto Odell Waller, wani manomi baƙar fata da ke noma gonar wani farar fata ana raba amfani, wanda ya harbe mai gonar a rikicin rabon alkama. Masu taya alƙali yanke hukunci duk fararen fata ne, kuma an zaɓo su ne daga cikin masu iya biyan harajin jefa ƙuri'a, harajin da ya fi ƙarfin irin su Waller. Murray ta zagaya ƙasa tana tara kuɗin ɗaukaka ƙara. Duk da roƙon da Eleanor Roosevelt ta yi da kanta, an zartar wa Waller hukuncin kisa ranar 2 ga Yuli, 1942. A wani taron neman gudunmawa a birnin Richmond ne Farfesa Leon Ransom na Jami'ar Howard ya ji jawabinta, ya ba ta shawarar ta karanci shari'a.

Howard da haihuwar Jane Crow

Tsangayar shari'a ta Jami'ar Howard da ke Washington ita ce matattarar horar da lauyoyin yaƙi da wariya. Charles Hamilton Houston ya gina ta a kan wannan manufa, kuma daga nan Marshall ya fito. Murray ta shiga a 1941 da zaton ta iso gida, ashe an gudu ne ba a tsira ba. A ranar farko wani farfesa ya faɗa a gaban aji cewa bai san abin da ke kawo mata makarantar lauyoyi ba, maza suka bushe da dariya. An kafa ƙungiyar ɗaliban shari'a aka ce ta maza ce zalla. A aji kuma takan ɗaga hannu a tsallake ta.

Mutanen da suka fi kowa sanin zafin wariya su ne suke yi mata irinta ba tare da sun lura ba. Dokokin wariyar launin fata a Kudancin Amurka ana yi musu laƙabi da Jim Crow, sunan namiji. Sai ta raɗa wa abin da take fuskanta suna Jane Crow, sunan mace, don ta nuna cewa wa da ƙanwa ne. Ma'anarta ita ce mace baƙar fata kaya biyu take ɗauke da su lokaci guda, kuma ba za a sauke mata ɗaya a ce an raba ta da nauyi ba. A Howard ta haɗu da masaniyar tarihi Caroline Ware, farar fata, wadda ta taimaka mata wajen kwatanta matsayin mata da na baƙaƙen fata a dokokin ƙasar, suka kuma zama aminai har ƙarshen rayuwa.

Karatu bai hana ta fita titi ba. A watan Afrilu na 1943 ta taimaka wa ɗaliban Howard, akasarinsu 'yan mata, suka shirya zaman dirshan a gidan abinci na Little Palace da ke ƙin sayar wa baƙaƙen fata abinci. A Afrilun 1944 suka maimaita a gidan abinci na Thompson da ke tsakiyar birnin, har aka kawo musu abinci, kafin hukumar jami'ar ta dakatar da su don tsoron kada majalisa ta yanke mata kuɗi. Sai a 1953 Kotun Ƙoli ta tabbatar, a wata shari'a kan wannan kamfani na Thompson, cewa tsofaffin dokokin birnin na 1872 da 1873 da suka haramta irin wannan wariya suna nan da ƙarfinsu.

Babban abin da ta bari a Howard shi ne takardar nazarinta ta shekarar ƙarshe. Tun hukuncin shari'ar Plessy na 1896, doka ta yarda a raba jama'a bisa launi matuƙar abin da aka ba kowane ɓangare daidai yake. Dabarar lauyoyin NAACP ita ce su bi makaranta bayan makaranta suna nuna cewa ba daidai ba ne. Murray ta ce wannan yankan reshe ne, a sare bishiyar daga tushe: rabawar kanta ita ce zaluncin, domin manufarta ƙasƙantar da wani jinsi da cusa masa jin cewa shi ba kowa ba ne, kuma hakan ya saɓa wa Gyara na 13 da na 14. 'Yan ajinta suka yi mata dariya. Ta yi caca da malaminta Spottswood Robinson a kan dala 10 cewa ba za a cika shekara 25 ba sai an soke hukuncin Plessy.

Shekara 10 kacal aka yi. Ranar 17 ga Mayu, 1954, a shari'ar Brown, Kotun Ƙoli ta haramta wariya a makarantun gwamnati. Robinson yana cikin lauyoyin da suka yi nasarar. A 1963, da ta ziyarci Howard, ya shaida mata cewa ya adana takardarta, kuma sun zaro ta sun yi amfani da ita lokacin da suke shirya hujjojinsu. Kusan shekara 10 ke nan ba wanda ya sanar da ita.

Ƙofa ta biyu

Ta kammala a 1944, ita ce ta ɗaya a ajinta, kuma ita kaɗai ce mace. Al'adar Howard ce wanda ya zo na ɗaya ya wuce Harvard don ƙarin karatu, ga shi kuma ta samu tallafin gidauniyar Rosenwald. Harvard ta ce ba ta ɗaukar mata a tsangayar shari'a. Ta ɗaukaka ƙara ga hukumar tsangayar, Shugaba Roosevelt, wanda tsohon ɗalibin jami'ar ne, ya rubuta wa shugabanta wasiƙa, duk a banza. Sai a 1950 mata suka fara shiga wannan tsangaya.

Ta juya zuwa Jami'ar California da ke Berkeley, ta samu digiri na biyu a 1945 da nazari kan haƙƙin samun dama iri ɗaya wajen ɗaukar aiki. A farkon 1946 aka naɗa ta mataimakiyar babban lauyan jihar, baƙar fata ta farko a wannan muƙami, amma ba ta daɗe ba ta koma gabas saboda rashin lafiyar innarta. A New York manyan ofisoshin lauyoyi ba su son mace, ba su son baƙar fata, don haka ta yi shekaru tana fama da ƙananan shari'o'i da ƙarancin kuɗi.

Cikin wannan hali ne sashen mata na Cocin Methodist ya nemi ta rubuta ɗan ƙaramin littafi da zai nuna musu inda doka ta tilasta wariya da inda al'ada ce kawai. Abin da ta miƙa musu a farkon shekarun 1950 kundi ne mai shafi sama da 700, States' Laws on Race and Color, wanda ya tattaro dokokin launin fata na kowace jiha. Marshall ya sa an raba wa lauyoyinsa, ya zama littafin da suke komawa gare shi kullum. A 1952 kuma ta rasa wani aiki a Jami'ar Cornell, a zamanin farautar 'yan gurguzu, saboda an ga waɗanda suka tsaya mata, ciki har da Eleanor Roosevelt da Marshall, a matsayin masu tsattsauran ra'ayi. A 1956 ta wallafa Proud Shoes, tarihin kakanninta, kuma a shekarar babban ofishin lauyoyi na Paul, Weiss ya ɗauke ta aiki.

Wata goma sha shida a Accra

A farkon 1960 ta ajiye wannan aiki mai tsoka ta tafi Ghana, wadda ta samu 'yancin kai a 1957, don koyarwa a Makarantar Koyon Aikin Lauya ta ƙasar da aka kafa a 1958. Ta tarar da makaranta mai ƙarancin littattafai, da ɗaliban da suka saba da salon Birtaniya na malami ya yi bayani ɗalibi ya rubuta. Ta kawo salon da ta koya a Howard, na a karanta hukuncin kotu a yi muhawara a kansa. Darasinta shi ne dokar tsarin mulki: rabon iko, 'yancin kotu, da iyakar ikon shugaba. Tare da Leslie Rubin, tsohon sanatan Afirka ta Kudu mai adawa da wariya, ta rubuta The Constitution and Government of Ghana, wanda aka buga a 1961.

Lokacin bai dace da irin wannan darasi ba. Tun 1958 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa dokar tsare mutum har shekara biyar ba tare da shari'a ba, kuma kundin tsarin mulkin jamhuriya na 1 ga Yuli, 1960, ya tara wa shugaban ƙasa iko mai yawa. Hukuma ta fara sa wa ajinta ido. Ta bar ƙasar a 1961, shekarar da Kotun Ƙolin Ghana, a shari'ar Baffour Akoto da J. B. Danquah ya tsaya wa, ta yanke cewa alƙawarin kare haƙƙin jama'a da shugaban ƙasa ke furtawa ba abin da kotu za ta tilasta ba ne. Zamanta a can, da ziyarar kurkukun bayi na bakin teku, sun tabbatar mata cewa ita Ba'amurkiya ce, kuma a gida yaƙinta yake.

Kalma ɗaya a cikin doka

Ta shiga Jami'ar Yale, inda a 1965 ta zama baƙar fata ta farko da ta samu digirin digirgir a fannin shari'a. Tana can aka saka ta a kwamitin haƙƙoƙin farar hula da siyasa na hukumar nazarin matsayin mata, wadda Shugaba John Kennedy ya kafa a 1961 ƙarƙashin Eleanor Roosevelt. Mata masu fafutuka sun shafe shekara 40 a rabe. Wasu na son a yi wa kundin tsarin mulki sabon gyara na daidaito, wasu kuma, musamman na ƙungiyoyin ƙwadago, na tsoron gyaran zai share dokokin da ke kare mata ma'aikata. A takardar shawarar da ta rubuta a 1962, Murray ta kawo hanya ta uku: a bi kotu da Gyara na 14, shari'a bayan shari'a, kamar yadda aka yi wa wariyar launi. Shawarar ta zo ne shekara guda bayan Kotun Ƙoli, a shari'ar Hoyt, ta amince da dokar Florida da ta sa mata ba sa zama masu taya alƙali hukunci sai sun je sun yi rajista da kansu. Duk da haka hukumar ta karɓi ra'ayinta a rahotonta na 1963.

Ba ta kuma ɗaga wa 'yan'uwanta maza ƙafa ba. Ta fito fili ta soki shugabannin gagarumin gangamin Washington na Agustan 1963 saboda ba su ba mace ko ɗaya damar gabatar da babban jawabi ba.

A watan Fabrairu na 1964, ana muhawara kan ƙudirin haƙƙin farar hula, ɗan majalisa Howard Smith na Virginia, wanda ke adawa da ƙudirin, ya nemi a ƙara kalmar jinsi a Sashe na 7, mai haramta bambanci wajen ɗaukar aiki. Majalisar Wakilai ta amince, amma aka shiga fargabar Majalisar Dattawa za ta cire kalmar. A watan Afrilu Murray ta rubuta wata takardar shawara da aka rarraba wa sanatoci, ta kai har hannun uwargidan Shugaba Lyndon Johnson. Hujjarta mai sauƙi ce: idan aka cire kalmar, rabin baƙaƙen fata ne kawai dokar za ta kare, domin mai ɗaukar aiki zai iya korar mace baƙar fata ya ce don mace ce ya kore ta, ba don launinta ba. Kalmar ta tsira, aka sa wa dokar hannu ranar 2 ga Yuli, 1964.

Kafa doka daban, aiwatar da ita daban. Hukumar EEOC da aka ɗora wa aikin ta riƙi ƙorafin mata da wasa, har ta bar jaridu suna ci gaba da raba tallan guraben aiki, na maza daban na mata daban. A nan wasu ma'aikatan gwamnatin tarayya suka taka rawar da ba a cika ambata ba. Catherine East ta Ma'aikatar Ƙwadago ta riƙa sanar da 'yan fafutuka abin da ke gudana, Mary Eastwood, lauya a Ma'aikatar Shari'a, ta haɗa hannu da Murray suka rubuta maƙalar Jane Crow and the Law, wadda mujallar shari'a ta Jami'ar George Washington ta buga a 1965. Maƙalar ta jera kamannin da ke tsakanin wariyar launi da ta jinsi ɗaya bayan ɗaya, kuma tana cikin rubuce-rubucen farko da nazarin shari'a ta fuskar mata ya tsiro daga gare su.

Ita da Dorothy Kenyon suka rubuta wa ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU hujjoji a shari'ar White da Crook, inda a 1966 wata kotun tarayya ta soke dokar Alabama da ta hana mata zama masu taya alƙali hukunci. A watan Yunin shekarar tana cikin matan da suka taru a ɗakin otal ɗin marubuciya Betty Friedan a Washington suka kafa ƙungiyar mata ta NOW. Ba a jima ba ta ja da baya, ganin ƙungiyar ta fi karkata ga buƙatun mata fararen fata masu hali, ta bar baƙaƙe da talakawa a baya.

A gaban allo

Daga 1968 zuwa 1973 ta koyar a Jami'ar Brandeis da ke Massachusetts, inda ta ɓullo da darussa kan doka da sauyin zamantakewa, da tarihin baƙaƙen fata, da matsayin mata. Zaman bai zo da sauƙi ba. Sabbin ɗalibai baƙaƙen fata sun karkata ga aƙidar ware kai, ita kuwa ta ƙare ƙuruciyarta tana yaƙin a cuɗanya. A Janairun 1969 suka mamaye ginin da ofishinta yake. Ta ji ciwon ganin waɗanda ta share wa hanya suna kallon ta a matsayin tsohon yayi, amma ba ta sauya matsayi ba. A 1970 ta ba da shaida a gaban kwamitin 'yar majalisa Edith Green kan bambancin da ake nuna wa mata a manyan makarantu, zaman da ya share fagen dokar 1972 da ta haramta irin wannan bambanci a duk makarantar da ke karɓar kuɗin tarayya.

A farkon shekarun 1960 mata ba su kai kashi 5 cikin 100 na ɗaliban shari'a a Amurka ba. Bayan shari'ar Reed, ACLU ta kafa sashen haƙƙin mata a 1972 ƙarƙashin Ginsburg, wanda Murray da Kenyon suka daɗe suna matsa wa ƙungiyar ta ba wa muhimmanci. A 1974 Ginsburg da Herma Hill Kay da Kenneth Davidson suka fitar da littafin koyar da dokokin bambancin jinsi. Amma matsalar da Murray ta hango ba ta gushe ba. A 1976 wata kotu ta ƙi sauraren ƙorafin wasu mata baƙaƙen fata biyar da suka yi ƙarar kamfanin General Motors a matsayin zalunci guda mai fuska biyu, ta ce su zaɓi launi ko jinsi. A kan wannan shari'a Farfesa Kimberlé Crenshaw ta gina maƙalarta ta 1989 kan yadda nau'o'in wariya ke haɗuwa a kan mutum ɗaya, ra'ayin da yau ake koyarwa a tsangayoyin shari'a na ƙasashe da dama. A 2016 yawan mata ya zarce na maza a makarantun lauyoyin Amurka a karon farko.

Babi na ƙarshe

Rayuwarta ta sirri ba ta rasa nata ƙunci ba. Ta yi wani ɗan gajeren aure a 1930 wanda bai je ko'ina ba. Takardun da ta bari sun nuna ta yi shekaru tana kokawa da tambayar jinsinta, tana jin ɗabi'arta ta fi kusa da ta maza, ta yi ta zuwa wurin likitoci, har damuwa ta kwantar da ita a asibiti fiye da sau ɗaya. Wadda ta fi kusa da ita ita ce Irene Barlow, da suka haɗu a ofishin Paul, Weiss, suka zama abokan rayuwa kusan shekara 17.

Da ciwon daji ya kashe Barlow a 1973, Murray ta yi abin da ya ba abokanta mamaki. Tana da shekara 62, ta ajiye kujerar farfesa ta dindindin, ta shiga makarantar horar da limaman coci a New York, alhali Cocin Episcopal ɗin da take bi bai amince da naɗa mata ba tukuna. Cocin ya amince a 1976. Ranar 8 ga Janairu, 1977, aka naɗa ta a babbar majami'ar Washington, mace baƙar fata ta farko da ta zama limamiya a wannan coci. Ranar 13 ga Fabrairu ta jagoranci ibada a wata majami'a da ke Chapel Hill, dab da jami'ar da ta ƙi karɓar ta, wurin da aka yi wa kakarta Cornelia baftisma tana baiwa a 1854. A 1978 jami'ar ta yi mata tayin digirin girmamawa, ta ƙi karɓa, saboda a lokacin tana jayayya da gwamnatin tarayya kan shirin kawar da ragowar wariya.

Ta yi sauran shekarunta tana hidimar marasa lafiya da tsofaffi a Washington da Baltimore. Ta rasu ranar 1 ga Yuli, 1985, a birnin Pittsburgh, sakamakon ciwon daji, a gidan da take zaune tare da tsohuwar ƙawarta, 'yar ƙungiyar ƙwadago Maida Springer. Tana da shekara 74. Tarihin rayuwarta da ta rubuta da kanta ya fito a 1987.

Karramawa ta biyo baya. Gidan kakanninta na Durham ya shiga jerin wuraren tarihi na ƙasa, a 2017 Yale ta buɗe wata kwalejin kwanan ɗalibai mai ɗauke da sunanta, kuma a 2024 aka buga hotonta a kan kwabon Amurka. Wasiƙunta da rubuce-rubucenta kuwa suna ajiye a ɗakin karatu na Schlesinger, inda masu bincike ke zuwa nazarinsu. Wannan ɗakin karatu mallakar Jami'ar Harvard ne, wadda ta mayar mata da takardar neman shiga a 1944.